Yadda Ake Ɗaura Rediyon Oba-Oba na 'Yan Sha'awa a Mota, Daga Batir Har Eriya

Cikin minti goma na gama ɗaura rediyona na farko a mota, kuma ban kai ga fita daga layinmu ba ya nuna mini aikin banza na yi. Na cusa wayarsa a ramin nan da ake cajin waya, na ɗora eriya mai maganaɗisu a kan but, na danna makirfo. Fuskar rediyon ta dushe, na ji ƙas, fiyus ya tsinke, sai warin ƙonannen roba. Rediyon lafiyarsa ƙalau, ni ne na ba shi wuta ta bututun da ba zai ishe shi ba. Tun daga ranar na gane cewa akwatin rediyon shi ne mai sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen waya, da haɗi da bodin mota, da eriya, kuma nan za mu fi daɗewa.

A wurin mutanenmu duk abin da ake dannawa a yi magana sunansa oba-oba. Wanda nake nufi a nan shi ne na 'yan sha'awa, wanda duniya ta sani da suna ham: mutum ya karɓi lasisi, a ba shi lambar kira, ya riƙa magana da 'yan'uwansa masu lasisi a kan zangon da aka ware musu, ba don kasuwanci ba.

Mataki na farko: takarda kafin sipana

Kada ka huda ko'ina sai lasisi ya zo hannu. A Najeriya ma'aikatar sadarwa ta tarayya ake nema, kuma akwai ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta ƙasa, NARS, da za ta nuna maka hanya. A Nijar hukumar ARCEP ce, a Gana kuma NCA. Lambar kira ita ke nuna ƙasar mutum: ta Najeriya tana farawa da 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Lasisin ƙasa ɗaya ba ya ba ka damar watsa magana a wata, don haka in ka nufi Maraɗi daga Katsina, sai ka nemi izinin can tukuna.

Yi kwafin lasisin ka ajiye tare da takardun mota. Yadda tsaro yake a arewa yanzu, doguwar eriya da makirfo a gaban mota suna jawo tambaya a shingen bincike, kuma ba laifin jami'in ba ne in ya tambaya. Rage murya kafin ka iso, ka gaishe shi, ka miƙa takarda tun bai nema ba. Kada kuma ka kuskura ka shiga zangon jami'an tsaro ko na jiragen sama, ko da rediyonka yana iya kaiwa can.

Mataki na biyu: wane rediyo

Iri biyu ne. Akwai na VHF da UHF, wato na maganar kusa, mai aiki a 144 zuwa 146 MHz da 430 zuwa 440 MHz, waɗanda su ne iyakokin yankinmu na Afirka da Turai. Yawancinsu wat 50 ne, eriyarsu gajera, maganarsu tas kamar ta gidan rediyon FM, amma nisansu bai cika wuce 'yan kilomita gommai ba tsakanin mota da mota, sai in ka hau tudu. Wanda ya tsaya a tsaunukan Jos zai ji abin da na cikin kwari ba zai taɓa ji ba. Sai kuma na HF, wato na maganar nesa, mai wat 100, wanda a 7 MHz zai kai ka ɗaruruwan kilomita, a 14 MHz kuma har Turai in yanayi ya yi kyau. Shawarata ka fara da VHF. Duk abin da ka koya a kansa zai yi maka amfani ranar da ka koma HF.

In da hali, sayi wanda fuskarsa ke cirewa daga gangar jikinsa, irin su Icom IC-2730 ko Kenwood TM-V71, a HF kuma Yaesu FT-891 ko Icom IC-7100.

Mataki na uku: inda zai zauna

Zauna a kujerar direba, ka ɗaura bel, ka miƙa hannu. Inda hannunka ya kai ba tare da ka ɗaga baya ba, kuma idonka zai gani da ɗan kallo ɗaya, nan fuskar za ta zauna. Ka nisanci duk inda jakar iska ke fitowa: tsakiyar sitiyari, gaban mai zaman banza, da ginshiƙan gefen gilas a motocin zamani. Jakar nan in ta fashe, duk abin da ke gabanta harsashi ne.

Kan dashbod kuma rana ce matsalar. Yawancin waɗannan rediyo an yi su ne su jure zafi har wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe aka bari a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, kan dashbod ɗinta yana iya wuce haka. Fuskar ta fara baƙi, robar ta lanƙwashe. Gangar jikin ka sa ta ƙarƙashin kujera ko a but, a ɗaure da noti a jikin ƙarfe, a bar wa fankarta sararin shan iska kamar faɗin tafin hannu. Kada ta kwanta a kan kafet kai tsaye, saboda ƙurar hunturu da ruwan masu wankin mota. Kafin ka huda ƙasan mota leƙa ta ƙasa, domin tankin mai da bututun birki suna nan kwance.

Mataki na huɗu: wuta

Nan ne mota ke ƙonewa, don haka a bi a hankali.

Rediyo mai wat 50 yana jan kusan amfiya 11 idan ana magana, mai wat 100 kuma amfiya 20 zuwa 23. Ramin caja fiyus ɗinsa amfiya 10 ne ko 15, wayarsa siririya, kuma ta ratsa cikin sauran wayoyin mota tana kwasar hayaniya. Saboda haka daga batir za ka jawo wutarka, da waya biyu, ja da baƙa.

Kaurin wayar ba abin wasa ba ne, ga lissafi. A ce daga batir zuwa but mita 4 ne, zuwa da dawowa mita 8. Idan ka sa waya mai kaurin 2.5 mm², a amfiya 22 za ka yi asarar kusan bolt 1.2 a hanya. Batir mai lafiya, inji a kashe, bolt 12.6 yake bayarwa, ka ga abin da zai isa rediyo 11.4 ke nan. Waɗannan rediyo kuwa an yi su ne don 13.8, kuma ƙasa da 11.7 sai su fara shaƙewa: murya ta lalace, ko rediyon ya mutu ya sake tashi da ka danna makirfo. Da waya mai 6 mm² asarar rabin bolt ce kawai. To, ga VHF kada ka yi ƙasa da 4 mm², ga HF kada ka yi ƙasa da 6, in tafiyar da nisa ka sa 10.

A kasuwa ka lura. Akwai wayar da ake sayarwa da sunan tagulla, alhali alminiyom ce aka shafa mata jan ruwa. Karɓi guntu ka kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki, mayar masa da abarsa. Ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla, kuma tana karyewa da girgiza.

Ga yadda aikin yake bi da bi. Cire baƙin kan batir tukuna. Nemi robar da wayoyin mota suka bi suka ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ka huda gefenta ka zura naka. Idan dole sai ka yi sabon rami, sa masa roba a baki, domin ƙarfe tsirara yana yanka waya sannu a hankali, wata shida ana girgiza sai rana ɗaya ja ta taɓa bodi. A ɗakin inji zura wayar cikin bututun roba mai tsaga, ka ɗaure ta nesa da salansa, da fanka, da bel, da sandar sitiyari. A cikin mota bi da ita ƙarƙashin robar bakin ƙofa, kada ta kusanci totur da birki.

Fiyus a jikin jar waya yake zama, dab da batir, kada tazarar ta wuce kamu ɗaya. Mutane suna ɗauka rediyo yake karewa, alhali wayar yake karewa: duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro. Girmansa kuwa bi abin da littafin rediyon ya ce, yawanci amfiya 15 ga mai wat 50, 25 ko 30 ga mai wat 100. In ya tsinke nemi dalili. Kada ka bari mai wayarin ya naɗa maka silin waya a gurbinsa ya ce "Oga, haka muke yi." Haka suke yi, haka kuma motoci ke ci da wuta.

Baƙar waya tana da nata zance. A tsofaffin motoci ana kai ta kan batir, a sa mata nata fiyus. Dalili shi ne, in kakkaurar wayar da ta haɗa batir da inji ta saki ko ta yi tsatsa, ranar da ka murza makulli wutar tayar da inji, wadda ta haura amfiya 100, za ta nemi hanya ta cikin rediyonka da kebul ɗin eriya. A motocin zamani kuwa, duba baƙin kan batir: in ka ga ɗan akwati da siririyar waya a jikinsa, na'ura ce mai auna wutar da ke shiga da fita, ƙwaƙwalwar mota na dogara da ita wajen caji. Kada ka tsallake ta. Kai baƙar wayarka wurin notin da wayar batir ta kama bodi, ka ɗaure a nan.

Bakin waya a matse shi da kan ƙarfe mai zobe, ba a murɗa a cusa ƙarƙashin noti ba. Kafin ka jona rediyo, mayar da kan batir ka auna da mita ka tabbatar ja ja ce, baƙa baƙa ce. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe rediyo. Masu tirela da manyan motoci su tuna nasu bolt 24 ne, sai da na'urar rage wuta zuwa 13.8, kuma ba a ɗiba daga batir ɗaya cikin biyun, yana kashe shi da wuri.

Tunda ka ɗauko daga batir kai tsaye, cire makulli ba zai kashe rediyo ba. Yana sauraro kawai yana shan rabin amfiya zuwa ɗaya, ka mance shi daga Juma'a zuwa Litinin sai turi. Shiga saitinsa ka kunna saitin da ake kira APO, ya riƙa kashe kansa in an daɗe ba a taɓa shi ba.

Mataki na biyar: eriya

Sandar da kake gani rabin eriya ce. Ɗaya rabin motarka ce. Wanda ya riƙe wannan ya huta da yawancin matsaloli.

Wuri mafi kyau tsakiyar rufi, domin ƙarfe ya kewaye ta ta kowane gefe kuma ta fi ko'ina tsawo. Bayansa tsakiyar murfin but, sannan gefen but ko gefen bonet. Bamba ita ce ta ƙarshe, don bodi yana tare rabin siginar.

Mai maganaɗisu tana aiki a VHF, kuma ta dace da motar haya ko ta aro. Aibinta yashi yana shiga ƙarƙashinta ya ci fenti, ƙofa tana matse kebul har ya lalace, reshe kuma yana iya make ta ta faɗo. Mai kama leɓen but ta fi ta, da sharaɗin ƙananan kusoshinta su huda fenti ta ciki su ciji ƙarfe. Wadda ta fi duka ita ce a huda rufi a sa gindin eriya irin wanda ake kira NMO, ramin milimita 19. Na san ciwon huda rufin mota, ni ma na yi sati ina kewaya ta kafin na yarda. In za ka yi, sauke fitilar silin ka leƙa, ka kauce wa ƙarfen da ya gitta da wayoyi da jakar iskar gefe. Manna salatif a wurin, ka huda da abin yanka mai taƙaitaccen zurfi don kada ya cinye silin. Goge fenti ta ciki da sanfefa inda haƙoran gindin za su kama, ka share garin ƙarfen nan take kafin ya yi tsatsa a kan fenti, ka zaunar da zoben roba daidai saboda damina. In hannunka bai saba ba, kai wa fanalbita ka tsaya a kansa.

Tsawon sanda kuwa, a 145 MHz mai rubu'in zango, wato rubu'in tsawon igiyar siginar, kusan santimita 49 ce, mai kashi biyar cikin takwas kuma wajen mita 1.3. Doguwar ta fi kai wa nesa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, gajeruwar ta fi zaman lafiya da rassan darbejiya da ƙofar gareji. Idan a kan ƙarfen ɗora kaya za ka ɗaura, irin na Hilux, ko rufin ba ƙarfe ba ne, nemi mai rabin zango, ita ba ta dogara da bodi sosai.

Kebul ɗin eriya dole ya zama mai om 50, awon da ya dace da rediyon, kamar RG-58. Wanda ya cika kasuwa, na dish da talabijin, om 75 ne, kuma mai shago zai rantse maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bi da shi ta gefen da ba na wayar wuta ba, nesa da ƙwaƙwalwar mota, kada ka lanƙwasa shi lanƙwasar gwiwa. Kan kebul da ake jonawa a rediyo, PL-259, in an like shi da dalma, cire sandar eriya ka auna da mita: tsakiya da waje kada su haɗu, wajen kuma ya haɗu da bodi.

Mataki na shida: awo

Kada ka yi magana da cikakken ƙarfi sai ka auna SWR, wato yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido wa rediyo. Fita fili, nesa da gini da wasu motoci, ka rufe ƙofofi da but da bonet. Sa ma'aunin tsakanin rediyo da kebul, ka rage ƙarfi zuwa wat 5, ka saurara ka tabbatar ba kowa a zangon, ka faɗi lambar kiranka. Auna a 144.100, da 145.000, da 145.900, ka rubuta.

Idan lambar ta fi ƙanƙanta a ƙasan zango, sandar ta yi tsawo. In ta fi ƙanƙanta a sama, ta yi gajarta. Sassauta 'yar ƙusar gindi ka tura sandar ciki ko ka jawo ta. In sai an yanke, milimita 2 ko 3 a kowane karo, ka sake awo, don abin da aka yanke ba ya dawowa. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, har zuwa 2 ana haƙuri, 3 kuwa tsaya ka bincika. Idan ko'ina lambar a sama take ba ta motsi, bar sandar, matsalar tana kan kebul ko gindin bai kama ƙarfe ba. Mai ɗan na'urar NanoVNA zai ga duk wannan a allo ba tare da ya watsa komai ba.

Mataki na bakwai: farautar hayaniya

Kunna rediyo inji a kashe ka saurara, sannan ka tayar. Kowace hayaniya da muryarta. Kuka siriri mai tashi in ka taka totur ya sauka in ka saki, altaneta ce. Ƙas-ƙas mai saurin bin inji, filogi ne da kwayil. Zuuu da ke farawa da ka murza makulli tun inji bai tashi ba, famfon mai ne. Sai ka cire kebul ɗin eriya daga bayan rediyo: in hayaniyar ta ɗauke, ta iska take shigowa, in tana nan, ta wayar wuta ce.

Kafin ka kashe kuɗi, zare cajar wayar da ke rami ka kashe fitilun LED da aka ƙara wa motar. Na taɓa kwana biyu ina zargin altaneta, har na sa an kwance ta, ashe wata 'yar caja ce da na saya a go-sulo. Na zare ta, shiru kamar an ɗauke ruwan sama.

In ta wayar wuta ce, duba kan batir da haɗin bodi tukuna, sannan a sa matatar hayaniya ko a naɗa wayar a zoben ferrite, wani zobe mai rage hayaniya. In ta iska ce, sai ɗinke bodi: ɗauki saƙaƙƙiyar waya mai faɗi, gajera, ka haɗa bonet da bodi ta wajen hinji, murfin but da bodi, inji da shasi, salansa da shasi a wuri biyu. Kowane wuri a kankare fenti, a sa washa mai haƙora, a shafe da giris. Motocin Kwatano da suka sha gishirin titunan Turai sukan zo da tsatsa a ƙasa, sai an goge sosai kafin a samu ƙarfe mai rai.

In HF ka nufa

Rubu'in zango a 7 MHz mita 10 ne, ba motar da za ta ɗauki wannan. Shi ya sa eriyar HF ta mota take da kwayil da ke cike gurbin tsawon, kuma kaso mai yawa na ƙarfinka a nan yake zama zafi. Ko dai ka sayi sanda ɗaya ga kowane zango kana sauyawa, ko mai ɗan inji a ciki irin ATAS-120A ta Yaesu da ke daidaita kanta. Kowacce ka ɗauka, gindinta ƙarfe mai kauri ne da aka ɗaure a shasi ko bodi, kuma ɗinkin da na faɗa a sama ya zama wajibi, in ba haka ba SWR ba zai sauka ba, makirfo ya riƙa cizon leɓe. Auna tsawon motar da eriya a kai ka rubuta a gaban sitiyari. Wayoyin lantarki a unguwanninmu suna saukowa ƙasa, a lungu ka kwantar da ita ko ka cire.

Gwajin ƙarshe

Mota a tsaye, inji na aiki, danna makirfo da cikakken ƙarfi kana kallon dashbod. In wata fitila ta kama, ko waifa ta motsa, ko inji ya canza murya, sigina na shiga wayoyin mota: rage ƙarfi, ka nisanta kebul, ka duba haɗin gindin eriya. Maimaita a fili kana tafiya a hankali kana taɓa birki, kafin ka hau babban titi.

Daga nan kira wani mai lasisi a 145.500 MHz, inda ake kiran juna a FM, in ya amsa ku koma wani zangon ku bar wurin. Ce masa ya saurare ka inji a kashe, da inji a kunne, da totur a take, domin wani kukan altanetar kai ba ka jin sa, shi ne yake sha. Kada ka watsa magana a gidan mai, ko lokacin da wani ya jingina da eriya, yara musamman, tana ƙuna. In hadari ya taso da walƙiya, kashe ka bari ya wuce. Doguwar hira da latse-latsen saiti kuwa sai ka faka, cika zangunanka a ma'ajiyar rediyo tun a gida yadda a hanya maɓalli ɗaya za ka taɓa.

Bayan sati biyu, ko bayan tafiya ɗaya a hanya mai gargada, ɗauko sipana ka bi kowane noti: kan batir, gidan fiyus, gindin eriya, 'yar ƙusar da ta riƙe sanda. Taɓa gidan fiyus bayan doguwar magana, in da ɗumi haɗin ya saki. Farkon damina kuma kwance sandar ka leƙa gindinta, in ka ga kore-kore ko danshi, goge, ka canza zoben roba, ka sake auna SWR ka gwada da lambobin da ka rubuta ranar farko.